RA'AYINMU: Mu Koya Wa Ƙannenmu Ilimin Sararin Samaniya

Har yau a garuruwanmu, da zarar wata ya yi zazzaɓi sai yara su fito da gwangwanaye suna kaɗawa, wai rana ta kama wata. Wannan rashin sani ba ƙaramin abu ba ne. A watan Janairun 2001 husufin wata ya sa matasa suka yi ƙone-ƙone a Maiduguri, alhali kuwa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (S) ya rasu aka yi husufin rana, Manzo da kansa ya hana a danganta shi da mutuwar wani, ya yi umarni da salla.

'Yan uwa matasa na Ribah da sauran ƙasar Zuru, ilimin nan ba baƙo ba ne gare mu. Albattani ya auna tsawon shekara fiye da shekaru 1,000 da suka wuce, iyayenmu manoma kuma sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Gamzaki. Amma ɗan firamare nawa ne zai iya faɗin dalilin da ya sa wata yake kwana 29 ko 30, ko abin da ya sa azumi yake matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara?

Kada mu zauna jiran gwamnati. Tun 1999 aka kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa, ta harba tauraron ɗan'adam a 2003, amma darasin yaro ba ya bukatar wannan. Tocila da ƙwallo da lemo sun isa a nuna masa cewa husufin wata inuwar duniya ce ta faɗa kan wata, na rana kuwa wata ne ya shiga tsakani.

Ranar 29 ga Maris 2006 cikakken husufin rana ya bi ta Gusau da Katsina. Wani yana tafe ranar 2 ga Agusta 2027, cikakke a Makka da Jidda, mu kuma za mu ga sashensa. Lallai duk wanda ya yi sakandare a cikinmu ya nemi izinin malaman Islamiyyar unguwarsu, ya ɗauki aji ɗaya tun yanzu, ya kuma gargaɗi yara kada su kalli rana kai tsaye, don tana lalata ido.

Allah ya ba mu ikon aikatawa.