Jirgin da ya ƙone ya bar suna, Zango fa?

Masu karanta littattafan da aka rubuta a kan shirin Star Trek na Amurka suna da wata al'ada da takan ba wanda bai san su ba dariya. Suna gardama mai zafi a kan sunaye da lambobin jiragen sararin samaniya waɗanda ba a taɓa ƙera ko ƙusa ɗaya tasu ba. Uwar jiragen ita ce Enterprise, mai lamba NCC-1701, wadda ta bayyana a talabijin a 1966. A 1975 Franz Joseph ya wallafa kundi mai ɗauke da jerin jirage, kowanne da sunansa da lambarsa. Marubucin da ya kawo jirgi cikin labarinsa ya ba shi lambar da ta saɓa wa abin da aka sani, sai ya ji daga masu karatu.

Mu dai ba mu ga abin dariya a nan ba. A fim ɗin 1984 Enterprise ta tarwatse ƙurmus. A na 1986 aka miƙa wa ma'aikatanta sabon jirgi, aka sa masa sunan tsohon, aka maido da lambar, aka ƙara mata harafi guda, ta zama NCC-1701-A. Ƙarfe ya ƙone, suna ya yi magaji. Mu jikokin fatake mun san wannan hikima tun kafin zuwan talabijin. Direban babbar mota da ya rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya" a goshin motarsa, in ta tsufa ya sayi wata, lamba takan canza domin ta hukuma ce, amma rubutun yakan bi shi, kuma da shi ake cigiyar motar a tasha.

To, ina wannan hikima ta tafi da aka zo kan unguwarmu? Zangon Wagadugu, wanda maƙwabtanmu Mosawa suka kira Zangouettin, wato mazaunin Hausawa, sau biyu ana shafe shi. Na farko a takarda ne, zamanin juyin juya halin Thomas Sankara, da aka yanka birnin zuwa sassa 30, kowanne da lambarsa a maimakon sunan unguwa. Wannan bai yi mana illa sosai ba, domin baki bai bi takarda ba, kuma lambobin da kansu ba su dawwama ba, daga baya an mai da su 55. Na biyu shi ne na katafila. A 2003 shirin ZACA ya rushe Zango tare da maƙwabtansa irin su Tiedpalogo da Peuloghin domin a gina cibiyar kasuwanci, aka watsa jama'a zuwa Nioko da gefen Ouaga 2000. Kowane mai gida ya sami lambar fili. Sunan kuwa ba wanda ya yanka masa fili.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne wannan: wasu suna riƙe da cikakkiyar rajistar jiragen da babu su, mu kuma ba mu riƙe a hannunmu jerin gidajen da aka yanke mana cibi a cikinsu ba. Gidan wa ke dab da masallaci? A zauren wane malami aka yi karatun allo? Wane mai masauki ne ke sauke fataken goro da na shanu? Tsofaffin da za su iya zana layukan nan a ƙasa da tsinke suna raguwa kowace shekara, yaron da aka haifa a shekarar rusau kuma yau ya haura ashirin bai taɓa taka Zango ba.

Wani zai ce suna ba ya maido da gida, kuma gaskiya ne. Amma masoya wancan shiri sun yi ta aika wasiƙu zuwa fadar shugaban Amurka har aka sa wa jirgin gwaji na hukumar NASA suna Enterprise a 1976. Tatsuniya ce suka yi wa wannan ɗawainiya. Abin da muke nema bai kai haka wuya ba: matasa su zauna gaban dattawan Nioko da littafi da wayar ɗaukar murya, a rubuta Zango gida-gida, sannan shugabanninmu su kai wa magajin gari takarda, a sa wa titi ɗaya a cikin ZACA sunan Zangouettin.