Ungulu Ta Ɓace: Laifin Wa?



Duk wanda ya tashi a ruga ya san cewa ungulu ba ta jewar banza. Lokacin da muna yara, idan saniya ta ɓata a daji, sama muke dubawa. Inda ungulaye suka yi jewa, can za mu tarar da ita. A mahauta kuwa, sai an kore su da sanda. Yau fa? Mushe yakan kwana uku a bakin rijiya, ba mai taɓa shi sai karnuka da ƙudaje.

Ba mu kaɗai muka lura ba. Wani Bafaranshe mai bincike, Thiollay, ya ƙidaya tsuntsayen nan a Nijar da Mali da Burkina Faso daga 1969 zuwa 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun daji. A 2020 kuma, an kashe ungulu fiye da 2,000 da guba a Gine-Bisau.

Wani zai ce, ina ruwan makiyayi da ungulu? Da ruwanmu ƙwarai. Ita ce ke share mushe kafin cuta ta bi ruwa da ciyawa ta kai ga garke. A Indiya, wani maganin shanu mai suna diklofenak ya kusa ƙarar da ungulayensu. Karnukan daji suka yawaita a kan mushe, ga kuwa haukan kare. Sai a 2006 gwamnatinsu ta hana ba dabbobi maganin, bayan ɓarna ta riga ta auku.

Mu fara da namu laifin. Idan kura ko dila ta kashe mana maraƙi, wasunmu sukan barbaɗa guba a kan mushen. Kurar ba ta dawo ba, ungulu ce ta sauka, garke guda. Wannan ba ramuwa ba ce, asara ce a kan asara. Mu daina.

Amma babban nauyi yana wuyan mahukunta. Wa ya bar guba a kasuwar ƙauye, ana auna ta a leda kamar gishiri? Wa ya bar masu farautar kawunan ungulu suna kai wa bokaye har ƙetaren iyaka? Tun 1998 Nijar take da dokar farauta da kare namun daji. Idan shanunmu suka taka gona ko gandu, kafin azahar an zo da tara. To, mai sayar da guba fa, su nawa aka taɓa tsarewa?

Abin da muke roƙo uku ne. A hana sayar da guba barkatai a kasuwanni. A sa ma'aikatan gandun daji su bi sawun fataucin kawuna. Sannan idan naman daji ya yi wa makiyayi ɓarna, a samu ofishin da zai kai kuka a saurare shi, don kada ya koma ga guba.

Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara. In ta ƙare, kuɗi ba su dawo da ita. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye mana dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka. Amin.