Ɗalibi, Me Ke Tashin Ka Da Asuba?

Yau da ɗalibai nake magana, musamman ƙannenmu na Batsari da Safana da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Kwalejin Isa Kaita, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina.

Kwanakin baya wani ɗan aji biyu ya turo min saƙo. Ya ce: "Yaya, wallahi karatun nan ya fita raina. Ina shiga aji ina fita, amma ban san inda na dosa ba. Waɗanda suka gama gabanmu ga su nan a majalisa, takarda na cikin akwati."

Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya tashi a gefen Dajin Rugu ya san abin da shekarun nan suka yi mana. Gonar nesa ta gagari mutane da yawa, shanun da ake sayar da ɗaya a biya kuɗin makaranta an kore su. Ga yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas ɗalibai na zaune gida. Yaro ya ga wannan duka, sannan a ce masa "ka dage" kawai?

Ni a ganina, abin da ke kashe zuciyar ɗalibi shi ne nisan sakamako. Digiri shekara huɗu ne, na aikin gona biyar, ga bautar ƙasa, sannan a shiga neman aiki. Kana ta zuba wahala a rijiyar da ba ka jin ƙarar faɗuwarta. Mutum kuwa yana son ya ga hannunsa ya yi wani abu, ko da ƙarami ne.

Nan kiwo ya shigo. Ɗan tsakon kajin nama da ka ɗauko yau, cikin sati shida zuwa takwas ya isa sayarwa. Ka saka tsaki ashirin a lungun gida, ka ga ko za ka ƙara kwana har hantsi. Ruwansu, abincinsu, wutar gawayin da za ta ɗumama su a satin farko da na biyu, rigakafin Gumboro da Lasota a kan lokaci, duk suna jiran ka. In ka yi sakaci, da safe za ka ga sakamako a ƙasa. In ka kula, kana kallo suna cika ido. Wanda ya saba tashi don tsaki, tashi don lakcar ƙarfe takwas ba zai yi masa wuya ba.

Kuma kiwon zai nuna maka ko kai waye. Ka sayi littafi na musamman, ka rubuta komai: kuɗin tsaki, abinci, magani, gawayi, nawa suka mutu, nawa aka sayar. Tsaki ashirin za su ci kusan buhu huɗu mai kilo 25 kafin su isa kasuwa, don haka je ka tambayi farashi tun kafin ka karɓo su. Bayan zagaye biyu ko uku za ka gane ɓangaren da ke jan ka. Wani lissafin ne ke masa daɗi. Wani binciken cuta. Wani kuma bakinsa ne jarinsa, shi ya iya shawo kan mai gashin kaji da mai gidan abinci. To ka ga hanya ta fara fitowa, kuma abin da ake koya maka a aji ya samu wurin zama.

Na san wani zai ce kiwo zai raba hankalin yaro da karatu. Gaskiya ne, in ya fara da kaji ɗari biyu a tsakiyar zango. Shi ya sa na ce ashirin, kuma a dogon hutu. In an koma makaranta, ko dai ka dakata, ko ka bar wa Inna da ƙannenka kajin Hausa ko Noiler masu juriya, ku yi yarjejeniyar rabon riba tun farko don kar a ji kunya.

Wani kuma zai ce abinci ya yi tsada, ana iya faɗuwa. Shi ma gaskiya ne. Zafin bazara kaɗai yana iya kwashe maka kajin nama, kuma zagayen farko sau da yawa ilimi ake samu, ba riba ba. Saboda haka kar ka kuskura ka taɓa kuɗin rajista, kar ka ci bashi. Ka saka abin da in ya tafi ba za ka bar makaranta ba.

Masu sha'awar tarwaɗa, ku fara duba ruwa. Tana ɗaukar wata huɗu zuwa shida, tana son canjin ruwa a kai a kai. In a gidanku sayen ruwa ake yi wajen 'yan garuwa, ku haƙura tukuna, ku fara da kaji.

'Yan mata ma da ku nake. Kiwon cikin gida ne, ba sai an fita daji ba, iyayenmu mata sun daɗe suna rufa wa kansu asiri da shi.

Ban ce kowa ya ajiye biro ba. Riƙe karatunka gam, ka haɗa da ɗan abin da ke naka, don guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wannan hutun, share lungu, nemo ɓuntun shinkafa, ka yi lissafi.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu, ya sa albarka a karatu da kiwo. Ɗalibin da ya taɓa gwadawa, faɗa mana: da tsaki nawa ka fara, nawa suka kai kasuwa?