Gyambon kwanciya: Ilimin nas ya kamata ya isa hannun mai jinya

Manomin Dauran da 'yan bindiga suka harba a baya, ko tsohuwar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, idan aka kai su asibitin Zurmi ko Ƙaura Namoda da rai, dangi kan ɗauka an tsallake siraɗi. Sai bayan mako biyu wani ciwon da ba shi ya kawo su ba ya ɓullo a tsatso, kwatangwalo ko diddige. Gyambon kwanciya ke nan. Nauyin jiki ne ke danne fata a kan ƙashi, jini ya daina isa wurin, nama ya mutu daga ciki. Ɓarnar kan fara cikin 'yan sa'o'i, warkewa kuwa sai an yi watanni, kuma idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini ana iya rasa rai.

Hanyar kauce masa sananniya ce. Tun 1987 Barbara Braden da Nancy Bergstrom suka fitar da ma'auni a Amurka da ke duba abubuwa shida, ciki har da damshin fata, iya motsi da cin abinci, domin gano majinyacin da ke cikin haɗari. Ɗalibin jinya zai iya zayyano su a jarrabawa. Damuwarmu ita ce abin da yake iya ganewa a bakin gado.

Yawancin littattafan sun ce alamar farko ita ce fata ta yi ja. A baƙar fata irin tamu, ja ba ya fitowa sosai. Wurin yakan yi duhu ne fiye da kewayensa, ya ɗauki zafi ko sanyi, ya yi tauri ko ya yi laushi. Wanda ke jiran ganin ja, sai fata ta fashe zai farga. Dole a sa hannu a taɓa, a kuma duba cikin haske, ko da na tocilar waya ne.

Akwai kuma tsofaffin dabaru da ilimin yanzu ya yi watsi da su: yi wa wurin da ya fara sauya launi tausa, da ɗora majinyaci kan zoben roba. Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari, idan babu zane a kanta, gumi take tarawa, musamman a zafin Afrilu. Abin da ake so shi ne a riƙa juya majinyaci kamar duk sa'a biyu, a sa filo ƙarƙashin ƙwaurinsa don diddige ya bar katifa. Yara masu tamowa irin waɗanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da su a Shinkafi da Zurmi, ko robar iskar oksijin ma tana iya cin fatar hancinsu.

Amma wa ke juyawar da ƙarfe biyun dare? A asibitocinmu, mai jinya ne: mata, ɗa ko ƙanwa da ke kwana kan tabarma a gefen gado. Ga kuma kunya. 'Ya ba za ta buɗe tsatson mahaifinta ba sai an gaya mata dalili, kuma nas ce kaɗai za ta faɗa a ji. Don haka ilimin da bai wuce kan nas ba, bai kai ga majinyaci ba.

Muna kira ga kwalejin koyon aikin jinya da ke Gusau ta riƙa gwada ɗalibai a kan gadon majinyaci, da hotunan fata irin tamu, ta kuma gwada ko za su iya yi wa mai jinya bayani da Hausa cikin minti biyar. Ma'aikatar Lafiya ta Zamfara kuwa ta sa a liƙa takardar lokutan juyi a jikin gadon duk wanda ba ya iya motsa kansa, nas ta sa hannu, a kuma nuna wa dangi wuraren da za su riƙa dubawa kafin a sallame shi zuwa ƙauye.