Allurar Kusa Ta Fi Ƙarfen Nesa

Jama'a, a wannan makon zan taɓo maganar da mu 'yan kasuwa ba ma son ji: ciwon ƙirjin nan mai danne mutum kamar an ɗora masa buhun dawa, ga gumi mai sanyi, wani lokacin har ya kai hannun hagu ko haɓa. Sai mu ce iska ce, a dafa shayi da na'ana'a. Alhali sau da yawa gudan jini ne ya toshe jijiyar da ke shayar da zuciya, kuma muddin tana toshe, naman zuciyar mutuwa yake yi.

Hanya biyu ake buɗe ta. Ta farko ita ce ƙasɗara, kamar yadda ake ce mata a nan: a zura siririn bututu ta wuyan hannu ko matsematsi har zuciya, a hura balan-balan, a dasa ɗan ragar ƙarfe, wato da'ama. Ita ce ta fi, amma da sharaɗi: a yi ta cikin minti 120 daga lokacin da awon zuciya ya tabbatar da toshewar.

To, ga inda gizo ke saƙar. Daga Managil zuwa Wad Madani kusan kilomita 60 ne, mutumin ƙauye kuwa sai ya nemi mota, ya haɗa kuɗi, balle da damina. Yaƙin da ya ci Madani daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025 ya nuna mana ba kullum hanyar ke buɗe ba.

Shi ya sa ba na raina hanya ta biyu, allurar narkar da gudan jini irin su streptokinase. Tana aiki cikin awa 12 na farkon ciwon, amma ƙarfinta yana cikin awa biyu ko ukun farko. Bayan an yi ta, sai a wuce da mara lafiya wurin ƙasɗara cikin kwana guda. Ba kowa ake yi wa ba. Wanda ya taɓa zubar jini a ƙwaƙwalwa, ko aka yi wa tiyata kwanan nan, lallai a faɗa wa likita.

Don Allah, uwargida, kada ki tsaya jiran Alhaji ya rufe shago, ko yayansa ya kira daga Jidda. Ki ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, in dai ba ya masa illa kuma ba ya zubar jini, ku nufi asibiti mafi kusa mai na'urar awon zuciya. Ki kuma riƙe ƙarfe nawa ciwon ya fara, don ita ce tambayar da likita zai soma yi miki.