Damuwar Matasa: Doka Ta Buɗe Ƙofa, Saura Hanyar Zuwa Ga Likita

Cikin watan Janairu 2023 ne Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawan mulki. Sabuwar dokar ta ɗauki mai wannan larura a matsayin majiyyaci mai haƙƙin a yi masa magani da mutunci. To, amma akwai wani rukuni na jama'a da amfanin dokar ba zai kai gare su ba sai an kama hannunsu, watau yara matasa da ke fama da tunanin kashe kansu, da waɗanda cin abinci ya zame musu cuta.

Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mutane fiye da 720,000 ke kashe kansu kowace shekara, kashi 73 daga cikin 100 kuwa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki suke. A shekarar 2021 wannan shi ne sanadin mutuwa na uku mafi girma tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 yana da wata larura ta ƙwaƙwalwa.

Cutar cin abinci iri-iri ce. Akwai wadda yarinya ko yaro zai riƙa ƙaurace wa abinci don tsoron ƙiba har ya rame ya lalace, wadda wani likitan Ingila, William Gull, ya raɗa wa suna anoreksiya a 1873. Akwai kuma bulimiya, wadda Gerald Russell ya bayyana a 1979, inda mutum zai ci abinci fiye da kima sa'an nan ya tilasta wa kansa amai. An daɗe ana zaton cutar 'yan matan Turai ce kawai, sai binciken da Anne Becker ta yi a tsibirin Fiji ya nuna akasin haka: talabijin ta isa yankin da aka yi binciken a 1995, kafin 1998 kimanin kashi 11 daga cikin 100 na 'yan matan makarantar da aka tambaya sun ce suna jawo amai don rage jiki, alhali a da can ba a sami ko ɗaya ba. Abin da talabijin ta yi a Fiji, wayar hannu tana iya yinsa yau a kowane gari. Abin da ya haɗa cututtukan biyu kuwa shi ne, bincike ya nuna kusan ɗaya daga cikin biyar na masu anoreksiya da suka rasu, kashe kansu suka yi.

Matashi ba ya kai kansa asibiti. Ba shi da kuɗin mota, ba shi da na kati, sau da yawa kuma bai san cewa abin da ke damunsa yana da suna da magani ba. Saboda haka tilas hanyarsa ta bi ta hannun iyaye, ko malamin makaranta, ko uwar ɗakin kwana. A nan ne ake samun cikas iri uku.

Na farko kunya ce da gudun abin faɗa. Iyaye da yawa suna tsoron a ce 'yarsu ta je asibitin masu taɓin hankali, don kada ta rasa mijin aure, sai a ce aljanu ne ko sammu, a yi ta yawon neman magani har ciwo ya yi nisa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, malaman addini kuwa su ne suka fi cancanta su faɗa wa jama'a haka.

Na biyu doka ce. Sashe na 327 na dokar laifuffuka ta Kudu, da sashe na 231 na Final Kod ta Arewa, sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, dokar 2023 kuwa ba ta soke su ba. Majalisar Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023, Babbar Kotun Kenya kuma ta ce ya saɓa wa tsarin mulki a Janairu 2025. A nan gida, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ƙaddamar da wani kwamiti cikin Oktoba 2024 domin share fagen sokewa. Muddin hukuncin yana cikin littafin dokar wata jiha, uban da ɗansa ya yi yunƙuri zai gwammace ya ɓoye shi a ɗaki da ya kai shi inda yake tsoron a kira 'yan sanda.

Na uku ƙarancin ma'aikata ne. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha kokawa cewa membobinta da ke aiki a gida ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Asibitocin Tarayya na Barnawa a Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da na Maiduguri, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa na Shika da Aminu Kano, sun yi wa mutumin karkara nisa. Maganin wannan ba sabo ba ne. Tun 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara jinyar majiyyata a ƙauyen Aro tare da danginsu, a 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane waɗannan cututtuka, su tura masu tsanani gaba.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da kowane babba zai iya yi. Yaron da ya daina shiga cikin 'yan'uwansa, ya bar barci ko karatu, yana cewa shi nauyi ne ga iyayensa, ko yana rabar da kayansa, lalle a zauna da shi. Haka yarinyar da ke gudun cin abinci tare da jama'a, ko take shiga bayan gida da zarar ta gama ci, ko al'adarta ta ɗauke saboda rama. Bincike ya tabbatar cewa tambayar matashi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin. A saurare shi ba tare da zagi ko duka ba, kada a yi masa alkawarin ɓoye maganar, a kawar da magunguna da guba daga inda hannunsa zai kai, kada kuma a bar shi shi kaɗai sai an raka shi wurin ma'aikacin lafiya.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi malamai masu ba ɗalibai shawara a makarantun gaba da firamare. Ya rage wa Ma'aikatun Ilimi da na Lafiya na jihohi su tabbatar kowace makaranta tana da irin wannan malami, ya sami horo, ya kuma san asibitin da zai kai ɗalibi ran da bukata ta taso.