A Mayar Wa Maharbi Da Dajinsa

'Yan'uwa ɗalibai, na san wani zai karanta wannan ya yi tsaki, ya ce ina ruwan mujallar Hausa da wasan Turawa. To, a dakata tukuna, ai ba a yanke wa kaza hukunci tun tana cikin ƙwai.

A hutun da ya wuce, a Barnawa, wasu abokai suka koya mini wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974. Tatsuniya ce, sai dai masu sauraro su ne jaruman cikinta. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya zaɓi wanda zai zama, wannan mayaƙi, wancan matsafi, sannan a jefa ɗan ludo mai fuska 20 don a ga ko abin da ka nufa ya yiwu. Ni da aka ce in zaɓa sai na ɗauki mutumin daji, wanda suke kira Ranger, wato maharbi. Nan take aka fashe da dariya, wai na ɗauki kurar baya.

Ashe tsohuwar rigima ce. Tun 1975 maharbin nan ya shiga wasan, amma da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da bugu na 5 a 2014 sai masu wasa suka yi masa ca. Suka ce gwanintarsa ba ta aiki sai a irin dajin da ya zaɓa tun farko, dabbar da ke rakiyarsa kuwa ba ta kai hari sai ya bar nasa harin ya ba ta umarni. Kamfani ya fito da gwajin gyara a 2016, ya ƙara wani a 2020, ya sake zubi a 2024. Da ƙura ta lafa sai aka tarar an rage masa sanin ƙasa, an jingina yawancin ƙarfinsa a kan wani tsafi na sa wa abokin gaba alama don sara ya ƙara zafi. Har yau ƙorafin bai ƙare ba.

Ni a ganina da masu kukan da masu gyaran duk jirgi ɗaya ya kwaso su, domin dukansu da ma'aunin soja suke auna maharbi: jini nawa ya zubar? Tun a dokar 2014 aka yi ɓarnar. An ce muddin yana dajinsa ayarinsa ba za su ɓata ba, kuma abincin da zai samo ninki biyu ne. Jama'a, in ba ɓata, ba ƙishirwa, ba fargabar dare, me ya saura na daji? An kashe dajin, sannan aka dawo ana mamakin maharbi ya rasa aikin yi.

Mu da muka tashi a ƙasar da har yanzu ake naɗa Sarkin Baka mun fi ƙarfin wannan kuskure. Maharbin Hausa mai kwari da baka ne, gaskiya, amma darajarsa tana ga abin da ke kansa. Ya dubi sawu ya gaya maka dabbar da ta wuce da lokacin da ta wuce. Ya san saiwar da ke maganin sarar maciji, da itacen da ake haɗa dafi da shi, da inda ruwa ke kwana da rani. Yana da kirarinsa, da layunsa, da abin da ba ya ci. Ko a 2014 ɗin nan, da Boko Haram ta kama Mubi, mafarauta na cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato garin, kuma sanin daji ne jarinsu.

Ga inda zancen ya iso kanmu. Muna zaune a Sashen Hausa muna haddace rabe-raben adabin baka don jarrabawa, alhali tsofaffin maharba na mutuwa da iliminsu, daji kuma yana komawa fuloti. Wanda ya san Gonin Gora shekarun baya ya san abin da nake nufi. Mu nawa muka taɓa zama gaban mai tallar magani a kasuwar Kakuri da alƙalami a hannu? In mun yi sake, jikokinmu za su san maharbi ne ta bakin wani kamfani na Amurka, wanda shi kansa ya shekara 10 yana lalube.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu: a hutu mai zuwa kowa ya nemi maharbin garinsu ya ɗauko abin da ya yarda ya faɗa. Mu tara, mu tsara wasanmu da Hausa, inda ɓata hanya zai zama ɓata na gaske, maharbi kuma ya zama wanda ayari ba ya motsi sai da shi. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Allah ya sa mu dace.